Geron Iya da Mutanen Tsibiri

Jiya da hantsi muna tsakiyar darasi aka fara cida daga gabas. Malam bai daina rubutu a allo ba, 'yan aji ma ba wanda ya ɗaga kai, amma ni ƙafata ta kama rawa a ƙarƙashin benci. Iska ta shigo ta taga ɗauke da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri can nesa. Na rufe littafi, na buɗe, na sake rufewa. Wadda muke zama tare ta zungure ni, ta ce ko cikina ne ke ciwo. Na girgiza kai. Ban san yadda zan gaya mata ba cewa duk shekara, in aka yi cidar farko, sai in ji kamar an aike ni wani wuri ban kai saƙon ba.

Abin ya samo asali ne daga daminar da muka yi a cikin shago a Batsari, lokacin ina ajin farko na sakandire.

Ƙauyenmu yana bayan Ruma, a gindin wani baƙin dutse mai kama da saniya a kwance. Da safe rema ke fitowa daga tsagoginsa su jeru suna shan hantsi, kajin dutse na kuka a ƙasa, birai kuwa sai gero ya fara nuna suke saukowa. Ƙorama biyu ce ta sa mu tsakiya, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, su haɗe a kudu. Da rani yashi ne kawai. In marka ta kankama kuwa, mai shiga garinmu sai ya tuɓe riga ya ɗora a ka.

Da rani muka baro shi, bayan ɓarayin daji sun kore shanunmu. Ba zan ba da labarin ranar ba. Kowa abin da hannunsa ya faɗa a kai ya ɗauka. Inna ta goya ƙanena ta rungumi tukunya. Baba ya saɓa ragowar buhun dawa. Ni na tsinci kaina da jakar makaranta. Iya, mahaifiyar Baba, ta bar kayan sawarta da ƙwaryar nononta, ta fito da gora guda.

Irin gero ne a cikin gorar, an cakuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci, an toshe bakin da tsumma an shafe da laka. Gero ne mai gashi, gajere, mai saurin nuna, tsuntsu ba ya son sauka a kansa saboda gashin na tsone masa ido. Daga hannun uwar mijinta Iya ta karɓe shi tun tana amarya, kuma ba a taɓa yin damina ba a kai shi ƙasa ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da Iya da Baba. Baba ɗan farinta ne, ita kuma 'yar gidan Fulani ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko ruwa ba ta miƙa masa da hannunta. Shi ma haka ya tashi yana jin nauyinta. A gida wannan bai taɓa damun kowa ba, tsakar gida ce mai faɗi, ga yara ko'ina da za a aika. Amma shagon da wani ɗan'uwan Inna ya ba mu ɗaki ɗaya ne, ƙofar ƙarfe, ba taga sai wani rami kusa da rufi. Baba a baranda yake kwana. In ya shigo cin abinci, gwiwarsa kusan tana taɓa tabarmar Iya, amma sai ka ji ta ce:

"Kulu, ki ce wa ubanki butar nan tana yoyo."

"Kulu, ki ce wa Iya na gani, za a liƙe."

Ni ce Kulu. Ni da ko sunana aka kira a aji sai malami ya sake kira kafin a ji na amsa, ni na zama bakin mutum biyu.

Bazarar shekarar ta yi zafi. Da rana kwanon rufin yakan riƙa ƙas-ƙas kamar ana jifarsa da tsakuwa, siminti ya ɗau zafi har ƙanena ya ƙi taka shi. Inna tana zagaya gidajen ma'aikata tana surfe da wankau, ta dawo da dusa a ƙullin zane, wani lokaci da ɗan tsaki. Dusar ake tankaɗewa a yi tuwo, mai ɗaci-ɗaci, yana kartar maƙogwaro. Baba yana dako a kasuwa, mutumin da a da yake da garke. In ya dawo ba ya iya zama. Ya fita, ya shigo, ya kunna rediyo, ya kashe. Iya kuwa sama take kallo. Tana zaune a bakin ƙofa da gorar a gefenta, idonta na gabas.

A makarantar da aka sa ni akwai Malama Rakiya, 'yar wajen Malumfashi da aka turo aiki. Ba mu da littafin darasinta, sai ta riƙa ba mu labari. Wata rana ta goge allo tas, ta ɗiga alli a tsakiya.

"Duk baƙin nan da kuke gani ruwa ne," in ji ta. "Teku. Wannan ɗigon kuma tsibiri ne, da mutane a kansa."

Ta ce tsibirin kansa ƙoƙon kan wani dutse ne mai aman wuta, wanda ya taso tun daga ƙarƙashin teku. Mutanen suna zaune a wani ɗan fili a gindinsa, ƙauye ɗaya tak. Jirgin ruwa sai ya yi kwana da kwanaki kafin ya isa, kuma ba kullum yake zuwa ba.

Da na dawo Iya ta tambaye ni abin da aka koya mana, don ta saba, ba don ta damu ba. Na gaya mata. Sai na ga ta sauke ido daga sama.

"Ruwa ko ta ina?"

"Ko ta ina, Iya."

"Kamar mu ke nan in marka ta yi. To mi suke shukawa?"

"Ba a faɗa ba."

"Ba a faɗa ba, ke kuma ba ki da baki. Gobe ki tambayo."

Ban iya ɗaga hannu a aji ba. Sai na riƙa raɗa wa Bilki, wadda muke benci ɗaya, ita kuma ta miƙe ta yi tambayar da ƙarfi. Malama ta yi ta yabon Bilki, tana cewa yarinyar nan tana tambaya kamar tsohon manomi. Ban ji haushi ba. Amsa nake so in kai gida.

Haka labarin ya riƙa zuwa shagonmu kaɗan-kaɗan. Dankalin turawa suke shukawa, a 'yan ƙananan gonaki da aka kewaye da jeren duwatsu saboda iska.

"Kamar Kufai," in ji Iya.

Kufai wata 'yar gona ce a hammatar dutsenmu, da katangar duwatsu iya gwiwa. Kakannin kakanninmu suka jera ta a zamanin yaƙe-yaƙe, lokacin da suke kwana a kan dutse su sauko noma da rana. A zamaninmu ba mai kula ta, kowa ya koma manyan gonaki na bakin daji. Iya ce kawai ke ɗan zuba kuɓewa a ciki.

Na kawo mata labarin shanunsu, cewa an ƙayyade wa kowane gida 'yan kaɗan saboda ciyawa ba ta da yawa. Ta ce masu hankali ne. Na kawo labarin wani tsuntsu da ba ya tashi sama, yana tafiya a tsaye kamar mutum, farin ƙirji da baƙin baya, cikin ruwa yake neman abinci.

"Ana ci?"

"Ƙwansa suke ci."

"To ai zabo ne."

Na kawo labarin wani tsuntsun kuma, wanda in ya buɗe fukafukai ya fi mutum da ya ware hannuwa, yana yin wata da watanni a kan teku bai sauka ƙasa ba, amma in lokacin ƙwai ya yi sai ya komo tsibirin. Wannan kam Iya ta sa na maimaita mata.

Wanda ya fi ba ta dariya shi ne na ɓeraye. Da can babu ɓera a tsibirin, sai wani jirgi ya fashe a gaɓa, ɓerayen ciki suka fito suka yaɗu, suna cin ƙwan tsuntsaye suna ɓarna a gonaki. Shi ne mutanen suka ware rana guda a shekara, maza su fita da karnuka farautar ɓera, da yamma a baje wutsiyoyi a ga na wa ya fi tsawo. Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tun barinmu gida ban ji dariyarta ba. Daga baranda ma na ji Baba ya yi wani ɗan sauti ta hanci.

"Musulmi ne?" ta tambaya tana share hawaye.

"Ban sani ba, Iya."

"Ko ma mi ne ne, manoma ne."

Sai ranar da Malama ta zo kan wutar. Ta ce ƙasa ta fara girgiza, bango ya tsage, ƙofofi suka ƙi rufuwa, duwatsu na gangarowa. Sannan wani tudu kusa da ƙauyen ya kumbura ya fashe, wuta da narkakken dutse suka kama fitowa. Mutanen suka shiga kwale-kwale da abin da hannunsu ya ɗauka, jirgi ya kwashe su, aka kai su can ƙasar Turawa mai sanyi aka zuba su a wasu ɗakuna na aro. Tana nan aka kaɗa ƙararrawa. Ta ce za mu ƙarasa mako mai zuwa.

Kafin makon ya zagayo aka rufe makarantu saboda tsaro.

Na gaya wa Iya iya abin da na ji. Sai ta tambaya:

"Shanun fa?"

"Sun bar su."

"Iri fa, sun ɗauko?"

Ban sani ba. Tun daga ranar, in ta idar da salla sai in ji ta tana cewa, "Allah ka mai da mutanen tsibiri gidansu." Da ƙarfi take faɗa, yadda za a ji a baranda. Baba ya riga ya hana a yi zancen komawa ƙauye a gabansa, amma bai hana a yi wa mutanen tsibiri addu'a ba.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska mai ƙarfi. Rufin ya yi ta yoyo, muka jera kwanoni. Yana ɗaukewa Iya ta fita bayan shago da tsinke, ta tona ƙasa, ta zura yatsa. Washegari aka sake yin ruwa. Gari ya canza, kowa da sungumi a kafaɗa. Mutanen ƙauyenmu da ke warwatse a Batsari suka fara sammako, su je su yi shuka su dawo kafin la'asar. Wasu sun dawo lafiya. An ce wasu mutanen wajen Yasore sun je an kore su da harbi. Baba bai je ba. Wani abokinsa ya yi masa hanyar gadi a Katsina, har da ɗaki, yana jiran a aiko masa.

Tafasa ta fito, muka samu ta kwaɗo. Simintin da ke ƙona ƙafa ya koma sanyi da danshi, tarin Iya ya ƙaru. Wata safiya ƙanena yana kukan yunwa na ga idon Inna ya tsaya a kan gorar. Iya ta jawo gorar ta rufe da gefen zanenta.

Ranar da abin ya fito fili muna cin tuwon dusa ne da miyar kuka.

"Kulu, ki ce wa ubanki na tona, ruwa ya shiga ƙasa kamu guda."

"Ki ce wa Iya na ji."

"Ki ce mashi geron mutane ya fito, har ana zancen noman firi."

"Ki ce wa Iya masu geron ba su ga abin da na gani ba."

Ina tsakiya, loma a hannuna, ina juya kai nan da can. Ba na ma maimaita maganar, kowa ya ji ta. Aikina kawai a kira sunana.

"Ki ce mashi da mutanen tsibiri ne, da tuni sun yi shuka."

Baba ya ajiye loma. "Ki ce wa Iya mutanen tsibiri suna can ƙasar Turawa suna shan shayi da burodi. Wa zai koma gindin wuta?"

"Ki ce mashi sun koma."

"Ke Kulu, sun koma?"

"Ba a ƙarasa mana ba, Baba."

"To. Kuma ki ce wa Iya nasu dutse ne. Dutse ba ya hawa babur, ba ya bin mutum gona."

"Ki ce mashi dutse ba ya jin magiya kuma."

Inna ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Baba ya wanke hannu ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, don dai a bar maganar, "Ranar da aka ce sun koma, ni ma in ɗauki sungumi."

Yana fita Iya ta kalle ni. "Kin ji. Sai ki nemo malamar taku."

Na san gidan da Malama take haya, yana kan hanyar famfon da nake ɗebo ruwa. Kullum sai in rage sauri a ƙofar, in kasa shiga, in wuce. Bilki ba ta nan, an kai ta wajen kakanninta. In na dawo Iya ta dube ni, in ce ban gan ta ba, ko da na hango mayafinta a shanya. Ruwa kuma yana ta sauka. Kowace safiya Iya takan girgiza gorar a kunnenta, ta ce geronta mai sauri ne, akwai sauran dama, amma muryarta ba ta kai ta jiya ba.

Wata rana da hantsi na taho da bokiti a ka, na tarar da a-kori-kura a ƙofar gidan, ana ɗaure katifa a sama. An yi wa Malama canjin wurin aiki zuwa Safana. Na tsaya jikin bango. Ruwa na ɗiga mini a wuya. Aka fito da akwati, aka fito da murhu, aka fito da buhun littattafai. Direba ya tayar da mota. Malama ta fito tana gyara mayafi, ta sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Malama."

Ba ta ji ba. Na sauke bokitin, rabin ruwan ya zube a ƙafata.

"Malama! Sun koma?"

Ta juyo. "Hauwa'u? Ashe kina da murya. Su wa?"

"Mutanen tsibiri."

Ta dube ni, ta dubi bokitin, ta ce wa direba ya ɗan dakata. Ya yi tsaki ya kashe mota. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na gaya mata kakata ce ke tambaya.

"Ita ce mai tambayar dankali da shanu?"

"Ita ce."

"Na ce! Ina Bilki ta san zancen shuka?" Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta zauna a dakalin ƙofa ta gaya mini sauran, a hankali, kamar ta san zan ɗauka in kai wani wuri. Na riƙa maimaitawa a zuciya har gida, don kada wani abu ya zube.

Na tarar Baba ya dawo cin abincin rana. Na ajiye bokiti na durƙusa a tsakaninsu.

"Sun koma."

"Alhamdu lillahi!" in ji Iya. "Kulu, ki ce mashi."

Baba bai ɗago ba. "Yaushe?"

"Malama ta ce abin ya daɗe. Tun ba a haife ka ba, Baba. Tun Iya tana yarinya."

Baba ya fashe da dariya. "Ki ce wa Iya ta yi ta yi wa mutane addu'a, ashe tuni suna gida sun yi jikoki."

"Ki ce mashi jikokin ma suna so."

Na ci gaba. Wutar ta tsaya daf da ƙauyen, ta cinye wurin da suke ajiye kwale-kwale amma ta bar yawancin gidaje. Karnukan da aka bari sun cinye tumaki. Shanu sun rayu, sai dai sun zama na daji, ba sa yarda da mutum. Dankali kuwa yana nan a cikin katangunsa, ya yi ta tsirowa da kansa.

"Duka suka koma?" in ji Baba.

"Ba duka ba. Wasu sun zauna a can."

"To ni ina cikin waɗanda suka zauna." Ya miƙa hannu zai ɗauki hularsa.

Saura abu ɗaya da Malama ta faɗa. Na yi ta juya shi a hanya, ban san gefen wa zai faɗa ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Amma saƙo ne, sai na kai.

"Ta ce tsofaffinsu wasu ba su ga komawar ba. Sanyin wurin bai karɓe su ba. Mura da tari suka kama su a ɗakunan aron, a can aka binne su."

Ba wanda ya ce Kulu ki ce. Inna ta daina kwasar tuwo. Tari ya taso wa Iya, na ga ta danne shi da gefen zane, kafaɗarta na motsi, ta ƙi bari ya fito. Baba yana riƙe da hula. A karon farko na ga ya dube ta sosai, daga tabarmar da danshi ya baƙanta har zuwa ƙafafunta da suka kumbura. Ya sa hular ya fita bai ci ba.

Da la'asar ya dawo da sungumin aro, ya jingina a baranda.

"Kulu, ki ce wa Iya ba babbar gona ba. Wannan ta bakin daji ce, ba zan je ba."

"Ki ce mashi wa ya ce babbar gona? Kufai. In ƙorama ta kawo, mutum ya haye da ƙafa, babur sai dai ya tsaya yana kallo."

Da asuba bayan salla ya tsaya a bakin ƙofa, wasu maƙwabtanmu biyu na jiransa a titi. Na matso kusa da Iya na buɗe hannu don ta ba ni gorar in miƙa masa, kamar yadda ake yi da komai. Ta ture hannuna. Ta dafa bango ta miƙe, ta taka har ƙofa, ta ɗora gorar a hannunsa da nata hannun. Fuskarta na gefe, amma shi ta yi wa magana.

"Kada ka zurfafa ramin. Ba ya son zurfi."

"To, Iya," in ji Baba. Muryarsa ta fito kamar ta yaro.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Inna ta share shagon ta sake sharewa. Iya ta ƙi shiga ciki. Duk babur ɗin da ya taho daga hanyar Ruma sai mu miƙe, ya wuce mu zauna. Da azahar hadari ya haɗu ta can wajen, baƙi ƙirin, muka ga ruwa na sauka kamar an rataya zane. Wata mata ta wuce tana cewa an ji harbi, ba ta san ta ina ba. Na je famfo ba don ana bukatar ruwa ba. Na dawo na tarar Iya ta matsa har bakin titi.

Rana ta yi ja sannan ya ɓullo, a ƙafa, laka har cinya. Ya zauna a baranda ya sha ruwa kwano guda bai numfasa ba. Ya ce an cire ƙofar gidanmu, rumbu ya ƙone. Ƙoramar gabas ta fara kawowa. Birai sun zauna a kan katangar Kufai suna kallonsa yana shuka, kamar masu jiran a gama musu aiki. Rema na nan, sun yi ƙiba.

Sannan ya ajiye gorar a gaban Iya. Ta ɗaga, ta ji da nauyi.

"Kulu, ki ce wa Iya rabi na shuka. In wannan bai yi ba, akwai na baɗi."

Iya ta girgiza gorar a kunne. "Ki ce mashi ba ni na koya mashi wannan ba. Amma ya yi daidai."

Bai tafi Katsina ba. Ya yi ta zuwa Kufai a ɓoye duk daminar, wata rana ya kai, wata rana ya juyo daga hanya. Noman firi ya makara, maimai ma bai samu yi ba. Birai suka ci nasu. Abin da ya kawo da kaka bai kai a kira shi girbi ba, 'yan dammuna ne da ya ɗauro a bayan keke. Ba su raba mu da dusa ba. Amma Iya ta baje su a baranda, ta zauna tana ɗaga zangarniya ɗaya-ɗaya a rana, tana ware masu cika. Ta gasa mana tumu guda, gashin ya ƙone ya yi ƙauri, muka murje muka raba. Sauran ta sussuke, ta cakuɗa da toka, ta cika gorar har wuya.

Har yau ba mu koma ba. Mun bar shagon, mun samu ɗaki biyu da taga, Baba ya yi wa Iya gadon kara don ta bar siminti. Tarin bai rabu da ita ba, kuma ta koma yi masa magana ta bakin ƙanena tunda na taho makarantar kwana. Geron ne kawai ke komawa gida duk damina, ya yi wata uku a hammatar dutse ya dawo ya same mu.

Ruwan jiya bai sauka a nan ba, cida ce kawai da iska. Amma da yamma mai kula da ɗakinmu ta kira ni, ta ce ana nemana a waya daga Batsari. Inna ce. Ta ce an yi ruwa sosai, Baba ya ɗauko sungumi. Sai na ji muryar Iya daga nesa tana tari tana cewa:

"Ki ce mata ta tambayi malamansu, halan mutanen tsibiri sun yi shuka?"

Yau da safe na ɗaga hannu.